Kwanon Baba a Shekarar da Kumbo Ya Tarwatse

Ranar Asabar ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2003, gab da magariba, na dawo daga inji da robar garin dawa a kaina, gira da hanci duk sun yi fari, na tarar da tsakar gidanmu a Keffi ya yi tsit kamar an kwashe mutanen cikinsa. Tica Bulus, malamin firamare ɗan Eggon da ke haya a ɗakin bakin zaure, yana tsugune yana gugar farar rigar da zai sa zuwa coci washegari, amma ya ɗora dutsen guga a kanta ya manta. Rediyonsa na rataye a reshen mangwaro inda ya saba rataye shi. Innata tana tsaye bakin murhu da muciya a hannu. Kaka kuwa, mahaifiyar babana, tana zaune a tabarma da faifan gyaɗa a cinya, ta daina ɓara. Mai karanta labarai yana cewa wani kumbon Amurka da ya yi kwanaki a sararin samaniya ya tarwatse a hanyar dawowa, saura ƙiris ya sauka, da mutum bakwai a cikinsa, biyu mata ne. Ni lokacin ko jirgin sama ban taɓa gani a ƙasa ba, balle in san abin da ake kira kumbo. Sai da ƙaurin rigar ya cika gidan sannan Tica ya zabura ya ɗaga dutsen. Kaka ba ta ko kalli rigar ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, an samu gawarsu?"

Ita ce tambayar Kaka, kuma ita kaɗai ta yi ta yi har shekarar ta ƙare. Wanda bai san gidanmu ba zai ce tsohuwa ce mai son jin mugun labari. Mu da muke ciki mun san inda tambayar ta dosa.

Babana birkila ne. Tun da aka ba mu jiharmu, Abuja kuma ta buɗe baki tana haɗiye duk wani mai jini a jika, ya bar wa ƙaninsa gonar doya ya kama bin masu gini. Da asubar Litinin yake fita da cokalin gini da igiyar awo a cikin buhu, ya dawo yammacin Asabar da biredi a hammata, ƙafafunsa sun yi furu-furu da siminti. Sunan Kaka aka sa mini, don haka ba mai kiran sunana na yanka a gidan, Uwani ake ce mini. Shi kuwa tun daga zaure zai ɗaga murya, "Ina uwata? Yau ba a taren ɗa ne?" Ni kuma in fito ina hura hanci, in karɓi biredin kamar hakkina ne aka biya. Wata damina ya fita ran Litinin, Asabar ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Baba Ƙarami, ƙanin nasa, ya bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda har takalminsa ya cinye. Ginin da aka san yana aiki an gama shi an yi fenti, ma'aikatan sun watse kowa ya kama gabansa. Wani ya ce an gan shi a motar Fatakwal. Wani ya ce katakon hawa ya karye da wasu mutane a wani gini. Da aka matsa, ba wanda ya gani da idonsa. Lokacin da kumbon nan ya tarwatse mun shiga shekara ta uku ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Duk da haka ba a taɓa fasa zuba masa abinci ba. Yana da kwanonsa, fari mai murfi da zanen jan fure, gefe guda ya ɗan ɓantare. Kullum aka kwashe tuwo, malmalar farko a cikinsa take sauka, a zuba miya a ƙaramin kwano, ni kuma in ɗauka in kai ɗakinsa in ajiye gefen gado in ja ƙofa. Dokar Kaka ce, wai matafiyi ba ya sanar da ranar dawowarsa, kuma abin kunya ne maigida ya shigo ya tarar an manta da cikinsa. Da safe a ɗauko kwanon a yi ɗumame, kuma ba mai cin ɗumamen nan sai ni. Sauran yaran gidan suna shan koko tsararo, ni ina gefe ina lasar yatsa. Na yi kumatu har 'yan ajinmu suka sa mini suna da su. Kaka takan harare ni ta ce, "Takwara, ke dai kin tsinci gona. Ci, abincin ɗanki ne, ba wanda zai kai ki ƙara." Ina jin daɗin tuwon, ba zan ɓoye ba. Amma ɗakin nan tsoro yake ba ni. Warin siminti da man shafawarsa bai bar shi ba, hularsa na rataye a ƙusa, kuma duk safiya kafin in ɗaga murfin sai na tsaya ina tunanin ko yau zan tarar an gutsura.

Wani abin da ya ƙara wa gidan nauyi shi ne ba mai iya kiran sunansa. Shi ne ɗan farin Kaka, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Inna matarsa ce, ita ma ba ta faɗa, sai "maigidan". Ni 'yarsa ce, Baba kawai na sani. Mutum ya ɓace, sunansa ma ya bi shi. Inna ce ta fi kowa shan wuya, don an bar ta a tsaye, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Ta daina ƙunshi, ta daina zuwa biki, kuma ba ta da ikon yin kuka a fili, don kuka a wurin Kaka fata ne na mugunta. Yayyen Inna sun zo daga garin Nasarawa ba sau ɗaya ba, liman ya sa baki, ana roƙon Kaka ta yarda a yi addu'a a karɓi gaisuwa, kowa ya san matsayinsa. Amsarta ɗaya ce: "Ku kawo mini gawa, ni da kaina zan shimfiɗa tabarma." Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar wajen Jigwada, ta yi suɓutar baki wata rana ta ce Allah ya jiƙansa. Daga ranar Kaka ba ta sake sayen ko ludayi ɗaya a ƙwaryarta ba.

Ran Litinin Tica Bulus ya zana mana kumbon a allo da farin alli, da hancinsa da gajerun fikafikansa, ya ce gudunsa ya fi na harsashi. Da aka fita tara, maza suka haye bishiyar kashu ta bayan aji suna dirowa ɗaya bayan ɗaya suna ihu, wai su ne 'yan sama jannati, har wani ya gurɗe ƙafa aka zane sauran. Mu mata muka koma gaɗarmu da carafke, amma ni hankalina na sama. Duk abin da ya gifta, ko shirwa ce, sai na ɗaga kai. Bayan Babbar Sallah, muna tuyar sauran nama, Tica ya zo ya tsuguna gaban Kaka da labarin da yake zaton zai faranta mata. Ya ce mutanen ƙasar sun fita da yawa, sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna bin gonaki da dazuzzuka taku bayan taku, suna tsintar ɓaraguzan, kuma an samu gawar duka bakwai ɗin an miƙa wa iyalansu. Kaka ta daɗe tana juya goro a baki. Sannan ta ce, "Mutum ya faɗo daga inda tsuntsu ba ya zuwa, an same shi. Nawa yana nan bayan Mararaba, kuɗin mota kaɗan, an ce mini ba a gan shi ba." Tica ya tashi ya koma ɗakinsa sum-sum.

Zafin bazara na tsakiya aka fara yaƙin Iraƙi. Garin ya ɗauki ɗumi, a teburin mai shayi da bakin masallaci ba a wata hira sai ita, har dattawan da ba su taɓa wuce Akwanga ba suka zama masana hanyoyin Bagadaza. Yayyenmu maza sukan tafi gidan kallo su dawo suna kwatanta yadda wuta ke tashi a kan birnin. Ranar da aka yi tsawar farko ta shekarar ina wanke-wanke a bakin rijiya, na watsar da kwanuka na ruga ɗaki na shige ƙarƙashin gadon Inna, don na tabbata yaƙin ne ya iso Keffi. An yi mini dariya har ƙarshen damina. Kaka ba ruwanta da wa ke da gaskiya a yaƙin, ba ta ma riƙe sunan shugabannin ba. Idan aka ce bam ya faɗa kasuwa ko gida ya rufta da mutane, za ta jira mai labarai ya kai aya, ta yi tambayarta. Idan Tica ya ce an samu, ta ce alhamdulillahi, kamar an yi haihuwa. Idan ya ce ba a faɗa ba, ranar ba ta cin abincin kirki.

Sai zaɓe ya zo a watan Afrilu, ya zo mata da sabon fata. An ce duk wanda ya yi rajista a gida dole ya dawo gida ya jefa ƙuri'a, kuma gaskiya motoci sun yi ta sauke ma'aikata daga Abuja, wasu 'yan siyasa ne ma suka biya musu kuɗin mota. Kaka ta soya gyaɗa ta ƙulla a leda, ta ɗora mini tire, ta ce in je makarantarmu inda ake layi. "Ba ciniki na aike ki ba," in ji ta. "Fuska za ki duba. Wanda bai zo don uwarsa ba, wataƙila ya zo don mai ba shi atamfa da sabulu." Na bi layin maza daga farko har ƙarshe, na dawo na sake bi, rana na dukan ƙeyata. Na ga masu tsayinsa, na ga masu irin tafiyarsa, har na bi wani mai shuɗiyar riga zuwa bakin titi kafin ya juyo na ga ba shi ba ne. Gyaɗa ta ƙare tas. Na kawo mata kuɗin, ta karɓa ba ta ƙirga ba, ta ce in je in kai kwanon.

Damina ta sauka muka koma gona. Asabar da hutun makaranta a can muke yini, muna cirar ciyawa a kunyoyin doya, muna korar tsuntsaye daga masara, muna gasa ɗanyar gyaɗa a wutar kara. Garin kuwa yana canza kama a idonmu. Ana ta aikin faɗaɗa hanyar Abuja, manyan motoci na kwasar yashi daga rafi, sabuwar jami'a ta cika unguwanni da ɗalibai masu wando matsattse da jaka a baya, suna bi gida-gida suna neman ɗaki. Maƙwabtanmu har rumbu suka rushe suka yi ɗakin haya. Baba Ƙarami ya gwada sa'arsa, ya ce ga ɗakin yayansa a rufe gizo-gizo na ta saƙa. Kallon da Kaka ta yi masa ya isa, bai sake ɗaga maganar ba. Rediyo dai bai huta ba. Yau a ce wata cutar numfashi ta sa mutanen Sin rufe hanci da baki, gobe a ce sojojinmu sun tafi Laberiya raba faɗa. Duniyar ta zame mini kamar wani ƙaton gida da ake ta mutuwa a ɗakunansa, mu muna namu ɗakin muna jiyo kukan ta bango.

Ƙarshen watan Satumba aka ce Nijeriya ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, daga can ƙasar Rasha. Tica Bulus ya yi murna kamar shi ya ƙera shi. Ya tsaya tsakar gida yana nuna sama da burushin haƙori, yana cewa yanzu muna da ido a can, yana zagayawa yana ɗaukar hoton ƙasar nan kaf, gonaki da koguna da garuruwa. Na ga Kaka ta ajiye tsintsiya.

"Har Abuja yana gani?"

"Har Abuja, Mama."

"To mutum fa?"

"A'a, Mama, mutum ya yi masa ƙanƙanta. Gari yake gani da daji."

Ta ce to, amma na san wannan to ɗin. A tunanin Kaka, abin da ke zaune a sama yana kallon ƙasa duka mai duba ne, sai dai na gwamnati. Kuma ta san yadda ake zuwa wurin mai duba: ana kai masa wani abu da ya taɓa jikin wanda ake nema, a haɗa da goro. Ta yi kwanaki tana shiri ba ta gaya wa kowa ba. Wata Asabar cikin Oktoba, lokacin da ake wasannin ƙasashen Afirka a Abuja, ana saura kaɗan a kama azumi, ta ce wa mutanen gida za ta gaisuwa Masaka, ni zan raka ta. Ta ƙulle hular Baba da goro fari manya a gefen zane. Sai da muka zauna a mota ta raɗa mini dalilin tafiya da ni. "In an tambayi sunansa, ke za ki faɗa. Bakina ba zai iya ba."

Ba mu kai ko'ina ba. Motar ta juye mu a Mararaba, cikin hayaniyar da ban taɓa jin irinta ba, 'yan acaɓa na zagin masu bas, kwandastoci na kiran unguwannin da ba mu san su ba. Kaka ta tari mutane tana tambayar ofishin masu tauraro. Wani ya nuna gabas, wani ya nuna yamma, wata mata mai jakar hannu ta amsa da Turanci ta wuce. Muna cikin wannan na hango su a gefen titi. Maza ne, sun fi a ƙirga, zaune a kan kwanon ɗiban kankare, kowa da shebur ko diga ko cokalin gini a gabansa, suna jiran wanda zai zo ya ɗauke su aiki. Ƙafafunsu duka fari da siminti. In ka kalle su ta baya, kowannensu Baba ne. Na riƙe zanen Kaka da hannu biyu. Ita kuwa ta kutsa cikinsu tana ɗaga hular, tana tura ni gaba, ni kuma ina faɗin sunan ubana da bakina, karo na farko a rayuwata, ina maimaitawa gaban baƙi kamar mai tallar abin da ba a saye: Haruna birkila, daga Keffi.

Ba wanda ya yi mana dariya, har da maganar tauraron. Wani saurayi ne kawai ya ce a hankali, "Mama, abin nan yana sama, ba a kai masa hula." Sai wani dattijo mai furfura a gemu, da alama daga wajen Bauchi yake, ya ba Kaka kwanonsa ta zauna. Ya karɓi hular ya juya ta, ya mayar mata da hannu biyu. Ya ce, "Hajiya, a nan ba mu cika sanin sunan juna ba. Da garinsa ake kiran mutum, Ɗan Keffi, Ɗan Lafiya, Ɗan Gboko. Amma abu ɗaya zan gaya miki. In ɗayanmu ya faɗo daga gini, ko mota ta kaɗe shi, ba ma barin sa a ƙasa. Mu muke wanke shi, mu yi masa sallah, mu kai shi makwancinsa. Da hannun nan na rufe 'ya'yan mutane da ban san iyayensu ba." Kaka ta miƙe tsaye, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Ban tambaye ka matattu ba." Ta ja hannuna muka juya. Amma mun yi 'yan taku ta tsaya, ta kwance goron ta ba ni ta ce in kai masa. Muka dawo Keffi, da yamma aka zuba tuwo a kwanon kamar kullum.

Azumi ya zo ya wuce. Aka yi taron shugabanni a Abuja, har Sarauniyar Ingila ta taka ƙasar jiharmu a Karu, 'yan ajinmu suna ta ƙaryar sun gan ta. Aka ce an kamo shugaban Iraƙi a cikin wani rami da ya ɓuya. Kaka ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi ta ce, "Har wanda ya ɓuya da gangan." Amma tun dawowarmu daga Mararaba wani abu ya sassauta a jikinta. Takan zauna da hular a cinya bayan la'asar tana kallon katanga. Da Kirsimeti ta matso, Tica Bulus ya tafi ƙauyensu, ya bar mata rediyon da sababbin batura, ya nuna mini inda zan murɗa.

Don haka ni ce na kunna shi ranar Juma'ar da ta biyo bayan Kirsimeti, muka ji girgizar ƙasa ta rushe wani tsohon birni a Iran da asuba, mutane na barci. Gidajen ƙasa ne irin namu, in ji mai labarai, kuma dubbai sun mutu. Kwanakin da suka biyo baya Kaka ba ta bar gindin mangwaron nan ba. Jinta ya fara rauni, sai in saurara in maimaita mata. Wata yamma aka ce gawarwakin sun yi yawa, wasu gidajen ba wanda ya rage da zai nuna nasa, ana haƙa dogayen ramuka ana jera su. Na jira tambayar da na saba. Sai ta yi wata.

"Su wa ke binne su?"

Na ce an ce mutane ne daga wasu garuruwa, da malamai, suka zo taimako.

"Sun san su?"

"Ba su san su ba, Kaka."

"Ko sunansu?"

"An ce da yawa ba a san sunansu ba."

"Kuma sun yi musu sallah."

Wannan ba tambaya ba ce, amma na ce sun yi. Ta sa na kashe rediyon. Da Inna ta kwashe tuwo ta miƙa hannu za ta ɗauki farin kwanon, Kaka ta ce, "Bar shi." Inna ta tsaya da mara a hannu, tuwon na tururi, ta kasa ajiyewa ta kasa zubawa.

Da gari ya waye Kaka ta share ƙofar gida da kanta, ba ta yarda kowa ya karɓi tsintsiyar ba. Ta sa aka fito da tabarmi duka, har da ta ɗakin Baba, ta aika a kira liman da Baba Ƙarami. Da suka zo ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce da muryar da kowa ya ji, "Haruna ya rasu. Wasu bayin Allah sun binne mini shi. A gaya wa mutane su zo." Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta, kuma shi ne na ƙarshe. Inna ta fashe da kukan da ta shekara uku da wani abu tana haɗiyewa, mata suka riƙe ta. Ni ina raɓe jikin ƙofa ban san inda zan sa kaina ba, sai Kaka ta buga tabarma kusa da ita. "Uwani, zo nan ki zauna. Ke ma uwarsa ce, da ke za a yi wa gaisuwa." Na zauna, mutane suna shigowa suna durƙusawa suna ce mana ya haƙuri, ni da kumatuna ina amsawa da haƙuri sai Ma'aiki kamar yadda na ji tana yi. Har Bafulatanar nan ta zo, Kaka ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Ranar ba ɗumame, koko na sha kamar kowa. Wajen hantsi yunwa ta murɗe mini ciki, kuma a wannan murɗawar ce na gane da gaske ubana ya mutu.

Tica Bulus ya dawo bayan sabuwar shekara ya tarar da tabarmi. Ya cire takalmi ya yi gaisuwa, idonsa ya cika. Kwana kaɗan bayan haka ina shara kusa da ɗakinsa, rediyon na magana ƙasa-ƙasa, muka ji an zaƙulo wata tsohuwa da rai daga ƙarƙashin ginin a can Iran, bayan fiye da mako guda. Ya dube ni, na dube shi. Ya kai hannu ya rage muryar har ta ɓace. Ba mu taɓa gaya wa Kaka ba, kuma ba mu taɓa yin maganar tsakaninmu ba. Sauran batun zuwa gaban alƙali ya tabbatar da rasuwar da takabar Inna manya suka yi shi daga baya. Ɗakin kuma aka ba wani ɗalibi, ya manna hotunan 'yan ƙwallo a inda hular take.

Yanzu ni ma Abuja nake aiki, ina fita da asuba in dawo da yamma a kan hanyar da ta cinye shi. Daga Keffi zuwa Mararaba gini ya kusa haɗewa, gonar doyarmu ta zama gidajen haya, Kaka ta daɗe a ƙasa, kuma nata kabarin mun san inda yake. In na yi jinkiri a cunkoso, wayata ba ta hutawa, yarana na tambayar ina nake. Labarin duniya ba ya jiran yamma a reshen mangwaro, yana faɗowa cikin tafin hannu kafin ƙurar ta lafa. Wata rana ɗana ya nuna mini hoton unguwarmu daga sama a wayar, ga rufin gidanmu, ga mangwaron. Na yi ta buɗe hoton da yatsa har ya dushe, ban ga mutum ko ɗaya ba, Tica ya yi gaskiya. Farin kwanon yana wurina a saman kabad, ba na zuba komai a ciki. Idan mota ta ratsa da ni tsakanin dogayen benayen nan nakan kalli katangunsu, ina tunanin wacce ce ya ɗora da hannunsa. Masu shebur suna nan a gefen titi har gobe, kuma ban taɓa wuce su ban duba fuska ba. Ban san inda ubana yake kwance ba. Na dai yarda, kamar yadda Kaka ta yarda, da hannun da ya rufe shi.